Jan Ƙyalle a Wuyan Kare

Ina cikin shekara ta shida da gadin wani siton katako a unguwar Waziriyya ta Jidda wani kare ya zo ya tare a bakin ƙofata. Ban gayyace shi ba. Ni dai na tashi a gidan da ba a zubar da abinci, don haka duk shinkafar da ta yi saura sai in juye masa a murfin bokiti. Ramamme ne, kunne ɗaya a yage, ko haushin kirki ba ya iyawa.

A lokacin ina tara kuɗin kujerar Makka ta Inna. Ina zaune tafiyar awa ɗaya daga Harami, ita kuwa tana ƙauyenmu a ƙasar Damagaram, ba ta taɓa ganin Ka'aba ba sai a jikin dardumar salla. Kuɗin sun kusa cika, har na faɗa mata a kaset ɗin da na aika gida cewa bana ta fara shiri.

Sai aka ce baladiyya, wato hukumar gari, za ta fito kwashe karnukan titi. A garinmu in ma'aikata sun fito irin wannan aiki, karen da ke da ƙyalle a wuya ba a taɓa shi, an san yana da mai shi. Na yago bakin wani tsohon jan rawani na ɗaura masa. A ganina na yi dabara, ashe da hannuna na sa hannu a takarda.

Bayan kwana kaɗan karen ya bi wani mai kawo burodi a keke, mutumin ya faɗi, kafaɗarsa ta goce. Ma'aikacin baladiyya ya zo, ya nuna ƙyallen ya tambaye ni wa ya ɗaura. Na ce ni ne. Ya rubuta cewa na ajiye kare a tsakiyar gidajen mutane, babu takarda, babu allura, kuma na sake shi yana yawo.

Na je wa kafilina, wato ubangidan da nake zama a ƙasar da sunansa, da maganar. Ya karkaɗe hannu ya ce, "Ana mali, ina ruwana? Karenka ne, khalas, magana ta ƙare." Ya ƙara da cewa duk ranar da na bar ƙofa na tafi ofis zai cire a albashi, kuma ya cika alkawari.

Tarar kanta ba ta taka kara ta karya ba. Hanyar zuwa biyanta ce ta cinye ni. Ka biya mai rubuta takardar koke da ke zaune a ƙarƙashin lema a bakin ofis, ka biya tasi, ka isa a ce wanda fayil ɗinka yake hannunsa ya tafi salla, ka dawo gobe. Da na gaji na ɗauki mu'aƙƙibi, mai bin takardu a ofisoshi, wani Bahaushe haifaffen Jidda. Da mai burodi ya nemi diyya, magana ta tafi gaban alƙali, sai ga kuɗin lauya da na tafinta. Duk daga gwangwanin madarar da nake ajiye kuɗin Inna suke fita. Na daina buɗe shi gaba ɗaya, sai dai in zura hannu.

Rannan muna zaune a benci muna jiran kira, mu'aƙƙibin ya matso ya ce, "Ya ammi, wallahi kai ma miskini ne. Ka ce ba ka gane tambayar ba ranar, ba kai ka ɗaura ba. Za a ce ka rantse, ka rantse, khalas, kowa ya tafi gida."

Na ce, "Ɗana, kuɗin nan na hajjin uwata ne. In tsare su da rantsuwar ƙarya, sannan in ɗora ta a kansu?"

Ya ce, "To ka yi ta biya."

Na kuwa yi ta biya, wata bakwai. Ba na jin na yi gwaninta, gajiya kawai nake tunawa, da ciwon ƙafa, da haushin kaina. A ƙarshe aka yanke in biya tara da maganin mai burodi, kuma in raba kaina da karen. Na sa reza na yanke ƙyallen yana ta kaɗa mini wutsiya. Kwana uku bayan haka motar baladiyya ta ɗauke shi.

Na daɗe ina juya kaset kafin in iya faɗa wa Inna. Kaset ɗin amsarta ya zo ta hannun wani ɗan garinmu. Dariya take yi a ciki, tana cewa, "Ashe kare ya riga ni hawa kujerar! Ba komai, ɗan nan, gara da ba ka rantse ba. Allah ya kai mu baɗi."

Ba ta kai baɗin ba. Shekarar da ta biyo na hau mota na je na yi mata hajjin da kaina, malamai sun ce ladan ya isa gare ta. Na yarda. Amma ita so take ta gani da idonta.