Ginshiƙin Dajin Maradun

Aikin da aka ba ni bayan na gama karatun safiyo, wato awon ƙasa, ba shi da wuyar faɗi: in kai wata na'ura kan wasu ginshiƙan siminti, in ɗaura ta, in zauna kusa da ita. Ɗaya yana Mafara inda nake haya, ɗaya a Bakura, ɗaya kuma kan wani falalen dutse a dajin Maradun. An kafa su ne bayan ƙasa ta ɗan girgiza a wasu garuruwa can kudu da mu, manyanmu suka ce gara a san yadda take motsi tun da wuri. Na'urar tana da kai kamar faifai, tana karɓar saƙo daga taurarin ɗan adam, ta tantance daidai inda ginshiƙin yake. In aka dawo baɗi aka sake aunawa, sai a ga ko ya gusa. Sai dai dole a bar ta ta wuni ta kwana tana saurare, kwanaki a jere, ba mai taɓa ta.

Da farko mu biyu ne. Abokin aikina bai daɗe ba ya nemi canji ya koma birni, ba a kuma turo wani ba. Iyalina suna garinmu, sai salla-salla nake ganinsu. Mutanen unguwa ba su ƙi ni ba, gaisuwa har da tambayar gida da gajiya, amma in na zauna a majalisa sai hira ta yi sanyi. Wasu sun ce zinari nake nema wa Turawa. Da lamarin daji ya ɓaci da 'yan bindiga, sai aka fara raɗe-raɗin ko ni infoma ne, ba a dai tabbatar ko na wane ɓangare ba. Na yi bayani har na gaji. Daga baya na koma cin abincina a ɗaki, rediyo na yi mini magana.

A dutsen Maradun ne kawai na samu abokin zama. Wani dattijo ne Bafulatani, rugarsu na gangaren dutsen, ƙafarsa ɗaya ta yi ciwo har ya daina bin shanu. Ranar farko daga nesa ya tsaya yana kallona. Washegari ya hawo da ƙwaryar fura da nono, muka yi doguwar gaisuwa, ya zauna a inuwar ƙiryar da nake fakewa.

"Malam, wanga abu mi shika yi?"

"Ƙasa yake aunawa, Baffa. Tafiya take da mu."

"Wagga da muke bisa?"

"Ita. Da dutsen, da rugarku, da Mafara gaba ɗaya. A shekara ba ta wuce gaɓar yatsa ba."

Ya dubi yatsansa ya daɗe. "To ina ta nufa?"

Na nuna masa gabas, na ɗan karkata hannu arewa. Ya bi hannun da ido, sai ya yi murmushi.

"Ashe alƙibla ta dosa. To ba ta ɓace ba. Sai dai ni da kai ba mu isa da ita."

Tun daga nan in na zo sai ya hawo. Ba ma yawan magana. Yana tufka igiya, ni ina duba batir ina goge farantin sola. Wani lokaci ya ba ni labarin mashayar da suke kai shanu yana yaro, tun kafin a tare gulbi da madatsa. In Azahar ta yi shi ke ja mana salla a kan dutsen. Bai taɓa tambayata wa nake yi wa aiki ba.

Zuwana na ƙarshe da rani ne. Na tarar an rage bukkoki, shanu ma ba su kai na da ba. Ya hawo da ƙyar, babu ƙwarya a hannunsa, ya ba ni haƙuri kan haka kamar wani laifi ya yi.

"Malam, in ka gama wanga karo, kada ka komo sai ka ji labari mai daɗi. Mu da kanmu ba mu san wa za mu ji tsoro ba. Na daji su kwashe muna dabbobi, na gari su ce mu ne na daji."

Na kwance na'urar kafin lokacinta ya cika, na ɗaure a bayan babur. Ya rako ni har bakin hanya yana dogara sanda, ya yi mini addu'a mai tsawo.

Hanyar ta rufe bayan nan. Ofis suka ce in bar ginshiƙin Maradun har abin ya lafa, in ci gaba da sauran. Da aka aiko mini da sakamakon awon, na ga layin Mafara da na Bakura suna ta hawa a hankali, na Maradun kuwa ya tsaya a tsakiyar takarda.

Wata ranar Talata ina ratsa kasuwar Mafara, sai na ga wata mata mai tallar nono da na shaida, surukar Baffa ce. Na durƙusa muka gaisa, na tambaye ta Baffa. Ta ce sun watse tun farkon damina, wasu sun yi kudu da sauran shanun, ita da 'ya'yanta suka shigo gari. Shi an ɗora shi a mota tare da masu tafiya kudu, ƙafar ta hana shi taka ƙasa. Tun daga lokacin ba ta ji ɗuriyarsu ba, lambar da suka bar mata ba ta shiga.

"In kin same su, ki ce mai awon dutse yana gaishe shi."

"In Allah ya so," ta ce, ta juya ga mai saye.

Washegari aikin Bakura ne. Na isa da hantsi, manoman rani suna can nesa cikin shinkafa, injin ban ruwa na ta ƙara. Na ɗaura na'urar, na daidaita ta, na jira har koriyar fitilarta ta kama. Sannan na shimfiɗa tabarma a gindin ginshiƙin, na jawo jakata na yi matashi da ita.