Na Kai Likkafanina Harobanda

Mun tashi da asuba daga Dogon Dutsi, ni da ƙunshina a ka. Abin da ke cikin ƙunshin, 'ya'yana, likkafanina ne. Rani bayan rani na kaɗa zarensa da hannuna, masaƙin garinmu ya saƙa. Taubashiyata da aure ya kai Yamai ce ta aiko cewa ciwo ya ci ƙarfinta, kuma ta rantse ba za a naɗe ta cikin akokon kanti ba. Na ce ko da rarrafe sai na kai mata nawa kafin ta cika.

Kamyo, babbar motar kaya, ya kwashe mu tare da awaki da buhunan wake. Hanya kuwa, kowane rami sai da ya gaisa da ƙuguna. A Doso jandarma ya tsayar da mu ƙarƙashin sabuwar tutar ƙasar nan, ya zunguri ƙunshina da sanda. Da na gaya masa abin da ke ciki, ya ja da baya kamar ya taka garwashi, ya ce mu wuce. Direba ya ce, "Iya, don Allah kullum ki riƙa bin motata."

Yamai gari ne mai tsada. Kwaɗon zogalen da muke ba baƙo kyauta, can kopto suke ce masa, kuma sai da dala. Na ci dai. Sai ga kogi. Ni da ban taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba, aka ce Harobanda, unguwar taubashiyar tawa, tana ƙetare, sai da kwalekwale. Na dafe ƙunshi, na runtse ido, na shiga. Na ce wa mai tuƙi, "Ɗana, in ka kifar da mu, ni kaɗai na zo da shiri."

Na tarar da taubashiyata kwance, ta zama kara, amma bakin yana nan.

"Baiwata, sai yanzu? Kin hana ni mutuwa ina jiranki."

Ta shafa ƙyallen, ta shinshina shi, ta ce, "Har yau zarenki kamar igiyar guga." Sannan ta kama hannuna. "Wajen makoki kada ki bari su ce ni mai haƙuri ce. Ƙarya ne. Ki ce na iya fura, na iya faɗa."

Kwanaki kaɗan Allah ya karɓi abinsa. Ni na yi mata wanka, ni na naɗe ta. Da mata suka fara, "Allah sarki, baiwar Allah mai haƙuri," na miƙe na isar da saƙo yadda aka ba ni. Masu kuka suka fashe da dariya, hawaye na zuba.

Na dawo gida kaina ba kaya. Tafiyar nan ta nuna mini likkafani na wanda ya riga ne, ba na wanda ya kaɗa ba. Ko ƙurar hanya ban kakkaɓe ba na sauko da mazarina. Ido ya yi rauni, yatsu sun sandare, amma na fara. Wannan karon siriri zan kaɗa, kada in je can ta sake yi mini gori.