Littafin Aro da Yaya Sale Ya Warware

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana, Malam Sale mai renon itace, Allah ya jiƙansa. Na daɗe ina son in rubuta wani abu a kansa, amma duk sanda na ɗauki biro sai in ji tsoron kada in faɗi abin da zai zama tona asirin mamaci. Sai da na nemi izinin iyalinsa, suka ce in rubuta. Idan akwai kuskure a ciki nawa ne, ba nasa ba.

Ni tela ne a Gumel. Shi kuwa Yaya tun yana saurayi yake aiki a wani gandun renon itatuwa a bayan gari, yana cusa ƙasa a leda, yana ban ruwa, har ya zama shi ake tambaya idan dashe ya ƙi kamawa. A wasu shekaru can baya, wasu masu aikin tare hamada sun buɗe ɗan ɗakin karatu kusa da gandun. Ɗaki ɗaya ne da benci da kanta, amma akwai littattafai a kan ƙasa da ruwa da itatuwa, kuma suna ba da aro. A nan Yaya ya ari wani littafi mai koren bango. Da Turanci aka rubuta shi, sai dai kusan kowane shafi zane ne. Ga gawo, ga ganyensa da irinsa, ga yadda ake jiƙa irin kafin a shuka. Ga aduwa, ga magarya, ga ɗakwara mai ƙaro. Har da yadda ake zaɓar toho mai ƙarfi a jikin kututture lokacin sharar gona, a sassabe sauran, a bar shi ya zama bishiya.

Wata rana da hantsi ya shigo shagona da littafin a hammata.

"Audu, ba ni reza."

Na miƙa masa, na ɗauka farce zai yanke. Sai na ga ya buɗe tsakiyar littafin ya sa wa zaren ɗinkin reza.

"Yaya, na aro ne fa!"

"Na sani. Ni ma aron zan bayar."

"To ka ba da shi a ɗinke mana."

"In ba wa mutum ɗaya, sauran su jira sai damina ta wuce? Ka taɓa ganin littattafan Liman a ɗinke? Warƙa-warƙa suke a gafaka. Ɗalibi ya ɗauki wadda yake karantawa, in ya gama ya dawo da ita. Mutumin da gawo ke tohowa a gonarsa me zai yi da shafin goriba?"

Na ce masa littafin Liman na Liman ne, wannan kuwa akwai hatimin mutane a jikinsa. Ya yi dariya ya ce, "Kai dai tun kana yaro ko inuwar wani ka zauna sai ka nemi yafiya. Bayan damina zan tattaro su, kai ne ma za ka ɗinke min."

Haka ya riƙa yi. Ranar kasuwa ya hau kekensa, daga baya da ya sami babur ya hau babur, ya nufi ƙauyukan Sule Tankarkar da na Gagarawa da na wajen Maigatari. Zai tsuguna da manomi a gona, ya fassara masa zanen da Hausa, ya bar masa takardar, ya ce zai dawo ya ga abin da ya yi. Kuma yana komawa. Abin da bai yi ba shi ne karɓo takardun, domin duk wanda ya je wa sai ya ce a ƙara masa shekara ɗaya. Ana cikin haka aikin waɗancan mutane ya ƙare, suka rufe ɗakin suka tafi. Yaya ya ci gaba da cewa zai tattaro, ya nemi inda suka koma. Ciwon da ya ɗauke shi bai ba shi wannan damar ba.

Ranar jana'iza, kamar yadda aka saba, aka yi shela cewa duk mai bin mamaci wani abu, ko wanda ya ba shi amana, ya zo ya faɗa. Babu wanda ya fito. Mutane suka ce ma sha Allah, Malam Sale ya tafi ba nauyin kowa a wuyansa. Ni kaɗai a cikin sahu na san akwai masu hakkin da ba su ji shelar ba. Da aka buɗe akwatinsa don rabon gado, sai ga koren bangon nan a ƙasa, babu komai a cikinsa sai hatimi. Babu wanda ya so shi. Na sa a aljihu.

Wani zai ce littafi ɗaya ne, me ya kai ga wannan duka? Na sha jin haka, har daga matata. Amma mu an koya mana cewa abin aro amana ne, kuma amana ba ta faɗuwa don mai ita ya yi nisa. Ina kan keken ɗinki sai tunanin ya faɗo min: Yaya yana kwance can, ana tambayarsa littafin mutane, ni kuma da na san zancen ina nan ina ɗinkin kayan sallah.

Na fara zuwa inda ɗakin yake. Na tarar ana sayar da siminti a ciki, mai shagon bai taɓa jin an yi karatu a wurin ba. Tsofaffin abokan aikin Yaya kowa da garin da yake cewa mutanen sun koma. Sai na ce to bari in tattaro takardun tukuna, ko ba komai littafin ya cika.

A wani ƙauye kusa da Sule Tankarkar na sami wani dattijo, Malam Ɗanladi, wanda aka ce shafin gawo yana hannunsa. Da na faɗi abin da ya kawo ni, ya yi wa Yaya addu'a mai tsawo, sannan ya ce, "Ɗan'uwan Malam, ka makara. Surukina ya ari takardar, yana can ƙetaren iyaka, ƙasar Damagaram. Da na aika a karɓo, ya ce shi ma wani ya ara." Ganin fuskata ta canza, ya kama hannuna ya ja ni bayan gari. Gonarsa yashi ce kamar ta kowa, amma ga gawo nan tsaye jefi-jefi, sun fi mu tsawo nesa ba kusa ba, kuma ya ce a gindinsu ne gero ya fi yin kyau. "Ga takardarku nan," in ji shi. "In za ka iya ɗauka, bismilla."

Na yi dariyar dole, amma raina bai kwanta ba. Gawon na Malam Ɗanladi ne, takardar kuwa ta masu ɗakin karatu ce, ɗaya ba ya biyan ɗaya. A Gagarawa Tasha wata mata mai renon zogale ta ce tata takardar akuya ta cinye, ta yi ta ba ni haƙuri har na ji kunya. Abin da na samo bayan duk yawon nan 'yan takardu ne da ba su kai rabin rabi ba, sun yi baƙi da taɓawar hannu, wasu an liƙe su da ƙaro.

Daga nan na je wajen Limamin unguwarmu. Ya saurare ni har na gama, ya ce idan an nemi mai abu iyakar iko ba a same shi ba, sai a nemi kwatankwacin abin a ajiye inda jama'a za su amfana, da niyyar ladan ya je wa mai shi. Na ji sanyi kaɗan. To amma ina zan sami kwatankwacin? Duk wanda zai je Kano sai na ba shi bangon ya nuna wa masu sayar da littattafai, a dawo min da shi a ce ba su taɓa ganin irinsa ba. Haka shekaru suka yi ta wucewa, bangon yana cikin durowar kekena tare da allurai.

Hajara, 'yar autar Yaya, tana ƙarama sanda ya rasu. Yanzu ta yi karatun koyarwa, tana koyar da 'yan firamare a wani ƙauye a ƙasar Gagarawa. Bara ta kawo min ɗinki, ta buɗe durowa neman almakashi, ta ga bangon. Na ba ta labarin duka. Ta kwafi sunan littafin a wayarta, ta ɗan yi danne-danne, sai ta juyo min da fuskar wayar.

"Baffa, wannan ne?"

Gawon nan ne, da ganyensa da irinsa, kamar ranar da Yaya ya sa masa reza. Ta ce waɗanda suka wallafa shi sun ɗora shi a intanet kyauta tun tuni, tare da wasu irinsa masu yawa. Na ce anya ba sata za mu yi don mu biya aro ba? Ta karanta min inda suka rubuta cewa kowa na iya kwafa ya raba don koyarwa muddin ba sayarwa zai yi ba. Na sa ta sake karantawa, ta fassara min kalma-kalma. Ta ce, "Baffa, ko sai na kira su sun rantse maka?"

Muka buga shi a shagon masu kwamfuta. Na zauna na ɗinke shi cikin tsohon bangon da zare riɓi biyu mai ƙarfi, irin wanda nake ɗinka tamfol da shi. Muka kai makarantar su Hajara, aka sa a kabad ɗin da suke kira ɗakin karatu, na yi niyya kamar yadda Liman ya ce.

Tun daga lokacin nake yawan tambayar kaina abin da Yaya zai ce da ya ga wannan zamani. Hajara ta nuna min manoman ƙetaren iyaka a bidiyo suna koyar da barin toho a gona, da Hausarsu, babu mai buƙatar fassara. Ta nuna min darussan da malami zai sauke ya koya wa yara yadda ƙasa ke gajiya da yadda ake tare zaizaya. Abin da Yaya ya yi ta tuƙa keke a rana dominsa, yau yana aljihun ɗan acaɓa. Na tabbata da ya yi murna, kuma da ya hana Hajara sakat da tambaya.

Amma ina jin da ya ga abin da nake gani a shagona. Samari sukan kalli irin wannan bidiyo, su ce kai, abin da kyau, sannan yatsa ya ture shi a koma ƙwallo. Motocin itace da na gawayi kuwa ba su daina wucewa ba. A ƙauyuka da yawa sai an hau tudu ake samun sabis, ga data, ga caji, kuma mafi yawan rubutun har yanzu da Turanci yake. Takardar Yaya ɗaya ce tak, amma tana kwana a ɗakin mutum damina guda, kuma mutumin ya san akwai wanda zai dawo ya tsaya a gonarsa ya ce, ina abin da ka yi? Ban san ko waya na iya wannan ba. Ban ce ba za ta iya ba, ni dai ban gani ba tukuna.

Da farkon daminar bana na kasa haƙuri, na hau mota na je in duba ko gara ba ta taɓa littafin ba. Hajara ta tare ni da fara'ar da ta yi yawa, ta kawo ruwa, ta yi ta tambayar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Na ce a buɗe min kabad. Ta buɗe, ta miƙo min koren bango. Babu komai a ciki sai hatimi da guntayen zarena.

"Hajara!"

"Baffa, wallahi zarenka ya ba ni wahala, reza biyu na karya. Yaran ne, kowa na son ya kai wa babansa shafin itacen da ke gonarsu. In ba wa ɗaya, sauran su jira sai damina ta wuce?"

A duk labarin da na ba ta, ban taɓa gaya mata babanta ya faɗi wannan maganar ba. Na zauna a bencin yara. Ta ce in kwantar da hankalina, duk shafin da ya ɓace za ta sake bugo shi, kuma ta gaya wa iyayen cewa bayan girbi za ta zaga ta ga abin da suka yi.

Da na dawo na kai wa Liman ƙara. Ya yi dariya har ya share hawaye, ya ce, "Malam Audu, an ce a ajiye inda jama'a za su amfana. Ba a ce a kulle ba." Ban sake ɗinke littafin ba. Jaka na ɗinka masa da ragowar yadi mai kauri, mai marufi kamar gafaka, yadda takarda za ta fita ta dawo.

Yaya bai bar gida mai bene ba, ko shago. Abin da na iya ƙirgawa nasa shi ne itatuwa a gonakin mutanen da wasunsu ba su san sunan mahaifinsa ba, da takarda ɗaya da ke yawo a ƙasar Damagaram, da 'yar da ta gaji hannunsa. Na yarda wannan ba kaɗan ba ne. Duk da haka akwai abin da ya sa na rubuto wa jarida maimakon in yi shiru. Idan a cikin masu karatu akwai wanda ya taɓa riƙe mabuɗin wancan ɗan ɗakin karatu na bayan garin Gumel, ko ya san wanda ya riƙe, to a gaya masa littafinsu mai koren bango bai dawo kanta ba, amma bai daina aiki ba. Don Allah ya ce ya yafe wa Malam Sale. Ba sai ya neme ni ba, ya faɗa a inda yake, Wanda ake faɗa dominsa yana ji.