Likkafanin Iya a Kan Danga

Jiya da la'asar jikokina biyu suka kusa cinye juna a tsakar gidana a kan fim ɗin ban tsoro. Maryam ta ce tsohon ya fi, wanda ba shi da launi, don ba a nuna maka komai sai inuwa da takun ƙafa. Sadiƙu ya ce tsohon barci yake sa shi, sabon da aka sake yi shi ne fim, tunda ana ganin tsutsa na fitowa daga idon gawar. Suka kawo mini wayar wai in raba gardama. Na sa tabarau na duba. Wani abu ne naɗe cikin farin ƙyalle ya tashi daga akwati yana jan ƙafa. Na miƙa musu abinsu, na ce da tsohon da sabon duk ƙazanta ce, su ɗauke mini ita daga kan tabarma. Suka yi ta dariya, wai Hajiya ta ji tsoro. Ba tsoro ba ne. Na san wannan abin tun ba a haifi iyayensu ba, kuma na san abin da ya cinye mini.

A wani ƙauye kusa da Rogo Ruma aka haife ni. Lokacin da nake magana a kai, yaƙin basasa bai daɗe da ƙarewa ba, ni kuma ban wuce shekara tara ko goma ba. Gidanmu babba ne, mu yara mun kai takwas, kuma duk abin da muka sani na hira a ƙofar ɗakin Iya muka same shi. Iya ita ce mahaifiyar babanmu. Sunanta aka sa mini, shi ya sa ba ta taɓa kirana da komai ba sai Takwara.

Idan aka gama girbi, sanyi ya shigo, bayan sallar isha'i sai ta hura wuta da kara, ta jawo buhun gyaɗar iri. Gyaɗar da za a shuka ba a dukanta, da hannu ake ɓarewa ɗaya bayan ɗaya don kada ƙwayar ta fashe. Kowa da ɗan kwandonsa. Ɓawon kuma wuta muke jefa wa. Iya ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi, nata shi ne, "Hannu a kwando, kunne a wajena." Da ta ji ƙarar ɓarar ta ragu sai ta yi shiru a tsakiyar magana, ko da kura ta buɗe baki za ta kama mutum, haka za ta bar kurar da baki buɗe har sai hannuwa sun koma aiki. In an tashi, ta soya mana ɗan abin da ya fashe, ta zuba wa kowa a tafin hannu da nata hannun.

Hannun nan kullum yana ƙanshin kafur. Mun san dalili, kuma bai taɓa damunmu ba. Iya ce mai wankan gawar mata a ƙauyenmu da wasu biyu na kusa. In an yi rasuwa sai ta tsinki ganyen magarya ta tafi, ta dawo ta yi wanka, ta ci tuwo. Aiki ne kamar na ungozoma, sai dai wannan rakiya take yi.

Tatsuniyarta da muka fi so ta dodo ce. Wai akwai wani gari da dodo ke zagayawa kowace magariba. Ba ya fasa ƙofa, ba ya tsallake katanga. Abin da ba shi da mai shi kawai yake ɗauka. Zai tsaya a kan abu ya yi tambaya sau uku, in ba a amsa ba, ya zama nasa. Akuya ce, tulu ne, jariri ne, da ya tambaya sai a amsa daga cikin gida, ya wuce da yunwarsa. Rannan wata tsohuwa baƙuwa ta faɗi a ƙofar garin, jiki duk gyambo, ba wanda ya san daga ina ta fito. Kowa ya toshe hanci ya shige gida. Dodo ya zo ya tsaya a kanta. A nan Iya take sauke murya ƙasa ta ce, "Wannan tsohuwa ta wane ce?" Garin ya yi tsit. Ya sake tambaya, tsit. A ta uku sai wata yarinya da ke dawowa daga rijiya ta ajiye tulunta ta amsa.

Mu ne yarinyar. Iya ba ta taɓa faɗin amsar da bakinta ba. Za ta yi tambaya ta uku ta zuba mana ido, mu kuma mu haɗa baki mu ce, "Tamu ce." In muka yi jinkiri don tsokana, sai ta fara nishin tsohuwar, tana cewa za ku bari a cinye ni, 'yan banzan jikoki, har sai mun amsa muna dariya. Daga nan dodo ya bar garin, bai ƙara dawowa ba. Sau nawa muka tambaye ta yaya kamanninsa suke, ƙaho ne da shi ko jela. Amsarta ɗaya ce: "Wanda ya ga fuskarsa bai dawo ya ba ni labari ba. Ku ɓare gyaɗa."

A wannan kakar ne Kawu Sale ya zo. Ƙanin mahaifiyata ne, tela a Kano, ya zo ganin 'yar'uwarsa na mako biyu. Ga wando mai faɗin ƙafa, ga gashi ya tara kamar gammo. Ba mugu ba ne, in faɗi gaskiya. Sakarai ne, kuma sakarai mai daɗin baki ya fi mugu ɓarna. Duk ɗan abin da ya samu a ɗinki gidan silima yake kaiwa. Daren farko ya gaida Iya da ladabinsa na suruki, ya zauna ya ji tatsuniyar. Da aka tashi sai ya ja mu gefe yana dariya, ya ce wannan dodo ne ko baƙo mai sallama? Wai shi ya ga dodanni na gaske a bango, girmansu ya kai rumbu.

Washegari da dare ba wanda ya je wajen Iya sai ni da Talatu 'yar baffana, mu ma rabin kwando muka yi muka zame. Kawu na ƙofar ɗakin innata yana ta zuba. Akwai wani mai baƙar alkyabba da haƙora biyu dogaye, yana shan jinin mata ta wuya. Akwai wanda in wata ya cika sai gashi ya fito masa ya koma dabba. Yana yi yana jera su kamar dawakan sukuwa, wannan ya fi wancan, wancan na da ya fi na yanzu iya tafiya. Amma gwaninsa shi ne gawar da ke tashi. Ya ce an naɗe ta da fari tun daga kai har ƙafa, ta fito daga kabari tana jan ƙafa, hannu a miƙe. Mu kuwa farin ƙyalle guda ɗaya muka sani da ake naɗe mamaci da shi. Shi ma Kawun haka ya ɗauka, da bakinsa ya ce likkafani ne. Sai jiya Maryam ke gaya mini wai ba likkafani ba ne, naɗin sarakunan Masar ne na can da. Na ce ko ma na wane ne, ai ɗan wani ne, uwa ce ta haife shi.

Da ya tsaya nan da sauƙi. A dare na huɗu ya ce bari ya gyara mana tatsuniyar Iya yadda masu silima za su yi ta. Ya bi ta tiryan-tiryan har wajen da yarinyar ta ce tamu ce, ta goya tsohuwar ta kai ta gida. Sai ya ce ashe tsohuwar ita ce dodon. Ta daɗe da mutuwa. Cikin dare ta miƙe a cikin likkafaninta, ta laluba wuyan yarinyar. Ya faɗi jinin, ya faɗi ƙarar ƙashi. Ya rufe da cewa, da yarinyar ta yi shiru kamar sauran mutanen garin, da yanzu tana nan da ranta. Aka yi masa tafi. Har da ni. Har yau in na tuna tafin nan sai in ji kamar in tofar da yawu.

Tsofaffinmu suna tanadin likkafaninsu tun suna da ƙarfi. Na Iya farin alawayyo ne, yana cikin adakarta shekara da shekaru, kuma duk bayan girbi takan fito da shi ta shanya don kada asu ya ci. Kowace shekara muna gani, har a ƙarƙashinsa mun sha yin ɓuya. Safiyar da ta biyo bayan gyaran Kawu, muka fito muka tarar da shi shimfiɗe a kan danga, iska na kaɗa shi, Iya na tsaye a gefe tana miƙe gefensa. Ƙananan suka fashe da kuka suka watse. Talatu ta raɗa mini cewa ƙanshin nan na hannun Iya ai ƙanshin gawa ne, kuma waye ya san abin da take yi da su in ta rufe ƙofa.

Iya ta hango ni ta ce, "Takwara, zo ki karɓa, na jiya na ajiye miki." Ta miƙo hannu cike da soyayyar gyaɗa. Na dubi hannun, na dubi farin ƙyallen, na ɓoye nawa hannuwan a baya. Na ce na ƙoshi. Ta daɗe tana kallona. Sannan ta zuba wa kaji.

Daren ranar ta hura wutarta kamar kullum, ta jera kwanduna takwas. Ba wanda ya je. Ni na kasa zama wajen Kawu, na kuma kasa ƙarasawa wajenta, sai na laɓe bayan rumbu inda nake hangenta. Na tabbata ta san ina nan, don awarwarona yana ƙara. Tana ɓara ita kaɗai, yatsunta da suka kumbura da sanyi suna ta fama. Can sai na ji ta ce hannu a kwando, kunne a wajena, ta fara tatsuniyar dodo ga kwanduna. Ba ta rage komai ba, akuyar, tulun, jaririn. Ta zo kan tsohuwar da ta faɗi a ƙofar gari.

"Wannan tsohuwa ta wane ce?"

Ta jefa ɓawo a wuta. Ta sake tambaya. Sannan ta juyo da fuskarta wajen rumbun, ta yi ta uku a hankali, ba da muryar dodo ba, da tata.

Amsar tana bakina, kalma biyu ce. Amma abin da ke kunnena shi ne na Kawu, da ta yi shiru da tana nan da ranta. Na yi shiru. Iya ta jira, ta jira. Daga baya ta tattara kwandunan, ta watsa wa wutar ƙasa, ta shiga ɗaki.

Da safe na tarar da soyayyar gyaɗa a kan faifai a ƙofar ɗakin innata. Iya na wucewa da buta ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ki ci, da ludayi na zuba. Ban taɓa ba."

Babanmu ya ji labari da ƙananan suka fara fitsarin kwance. Bai yi faɗa ba, ya dai gaya wa Kawu cewa masu ɗinki a Kano suna jiransa, ya raka shi bakin hanya. Tsoron yara ba ya daɗewa. Kafin wata guda duk mun koma bakin wuta, an gama ɓarar irin kafin ruwa ya sauka. Iya ta ci gaba da ba mu tatsuniya, ta kura, ta kurege, da sauransu. Ta dodo kuwa ba ta ƙara ba. In muka roƙa sai ta ce ta manta ta. Gyaɗa kuma daga ranar a faifai take ajiyewa, kowa ya ɗiba. Na sha yin niyyar in je in kama hannun nan in gaya mata, kunya ta hana, ina cewa gobe. Ta rasu ina gidan aure a Tudun Kaya. Kafin saƙo ya same ni, in iso gida, an riga an kai ta. Daga Kurugu aka ɗauko matar da ta yi mata wanka, don a gidanmu ba wadda ta koya.

Na haura arba'in kafin na shiga makarantar yaƙi da jahilci, ana yi mini dariya, wai me tsohuwa za ta yi da biro. Abu na farko da na nema da na iya haɗa baƙi shi ne littafin hukuncin jana'iza. Yau fiye da shekara ashirin ni ake kira a unguwarmu. Na wanke matar attajiri, na wanke wadda aka tsinta a tasha ba a san sunanta ba. Ba wadda ta taɓa tashi ta kama mini wuya. Mamaci shi ne mafi rashin ƙarfi a cikin bayin Allah, ko ƙuda ba ya iya kora, duk yadda ka juya shi haka zai juyu. Shi ne aka mayar abin tsoratar da yara, a yi tsohon fim, a sake sabo a ƙara masa tsutsa, a zauna ana gardamar wanne ya fi daɗi.

Dodon Iya kuwa na gan shi sau da yawa tun daga lokacin, kuma ta yi gaskiya da ta ƙi ba shi fuska. Yana zuwa duk inda mutum ya faɗi, jama'a suka toshe hanci suna jiran wani ya amsa.

Jiyan nan da Maryam ta ga raina ya ɓaci, ta matso ta ce, "Hajiya, to ke wanne dodo ne naki?" Na ce ta ajiye wayar ta ɗauko kwando, akwai gyaɗa a ɗaki. Sadiƙu ya yi tsaki ya fita, ita ta zauna. Na ba ta tatsuniyar yadda na same ta, ban gyara komai ba. Da na zo tambaya ta uku, ba ta san ita ce za ta amsa ba, ta zuba mini ido tana jira. Sai na amsa da kaina, shekara hamsin da wani abu bayan an tambaye ni.