Itacen da Raguna Suka Ci

Jiya jikata ta goge ɗaki da wani ruwan wanki mai ƙamshin ƙaro, sai na ji raina ya ɓaci, ita kuwa ba ta yi mini komai ba. Ƙamshin itacen kakata ne ya dawo mini.

Lokacin muna zaune a unguwar Mansur a Makka, cikin gidan langa-langa, ina 'yar shekara tara. Wata Baturkiya da kakata ta yi wa jinya a aikin Hajji ce ta bar mata shi, ɗan tsiro a gwangwani, ganyensa sirara kamar allura. Ta ce a ƙasarsu ko ƙanƙara ta rufe shi, yana nan kore shar. Ba mu taɓa sanin sunansa ba, itacen Hajiya kawai muke ce masa.

Kowa ya ce ba zai kai wata guda ba a zafin Makka, amma kakata ta fi su taurin kai. Ruwa a lokacin sai mai garwa ya ɗauko daga nesa, don haka a kan gwangwanin take alwala, kada ɗigo ya tafi a banza. Ruwan sabulu kuwa ko kusa da shi ba ya zuwa. Idan iskar zafi ta taso, sai ta jiƙa buhu ta yi masa rumfa. Ni ce mai jan gwangwanin daga wannan bango zuwa wancan, ina bin inuwa. Shekara uku muna wannan bauta, har ya kai mini ƙugu, muka dasa shi a lungun da rana ba ta daɗewa. Kakata ba ta da zinare, ba ta da ƙasar komawa. Shi ke nan abin da take nuna wa baƙo.

Da Hajji ya zagayo, duk gidan muka tafi Mina sayar da abinci. Kakata ta ba maƙwabcinmu amana, ta bar masa garwar ruwa cike. Mutum ne mai yawan dariya da tsayin carbi.

Kwana huɗu muka dawo. Tun daga ƙofa na ji warin raguna. Ashe a tsakar gidanmu ya tara ragunan da yake sayar wa alhazai, ya ɗaure biyu a jikin itacen, ya shayar da su ruwan. Sun sassaƙe ɓawon, sun karya kan, saiwar tana waje.

Kakata ta aika aka kira shi. Ya zo yana sakace.

"Ma'alesh, ya Hajja, sai haƙuri," in ji shi. "Ai ba itacen Harami ba ne. Wanda ya tsiro da kansa a ƙasa mai alfarma shi aka hana taɓawa. Wannan shukar hannu ce, babu fansa a kaina."

Ya yi dariya ya fita. Wato malamai ya je ya tambaya, bai tambayi tsohuwar da ta ba shi amana ba. Kakata ta tsuguna tana tsince alluran ɗaya bayan ɗaya. Ba ta ƙara shuka komai ba. Kafin ta rasu ta ce ta yafe wa kowa, na ce a raina, ke kika yafe.

Na yi aure, na haihu, ina jira. Bayan shekara goma sha wani abu maƙwabcin nan ya kwanta ciwon ajali, ya aiko ɗansa gida-gida neman gafara, yadda aka saba. Kowa ya ce ya yafe duniya da lahira. Da ya iso kaina, mahaifiyata ta zungure ni.

Na ce, "Je ka gaya masa itacen ba na Harami ba ne, babu fansa a kansa. Me zan yafe?"

Yaron ya sake dawowa da la'asar. Ban fito ba. Washegari aka kai uban makwancinsa.

Yau unguwar ta zama benaye, har itatuwan roba ake ajiyewa a bakin ƙofa, ba ruwa ba buhu. Na girmi kakata yanzu, kuma na san nan ba da daɗewa ba nawa 'ya'yan za su bi gida-gida suna roƙa mini gafara. Ina tsoron ƙofar da za ta ƙi buɗewa, wallahi ina tsoro. Sau da yawa nakan ɗaga hannu bayan sallah da niyyar in ce na yafe masa. Har yau bakina bai furta ba.