Darasin Baba kan injin iska

Jiya bayan sujada muna zaune da Baba a falo, nan gida Kafanchan, sai talabijin ya nuno wasu manyan fankoki farare a kan tudu, suna juyawa a hankali.

Baba ya yi shekaru yana koyar da kimiyya a wata sakandare a Kagoro. Yanzu ciwon mantuwa ya kama shi, ko sunana ba ya tunawa. Yakan wuni bai ce uffan ba.

Kawai sai na ga ya gyara zama, ya nuna da sandarsa.

"Kin san wannan? Ba fanka ba ce. Fanka wuta take ci ta ba da iska, wannan kuwa iska yake ci ya ba da wuta. Iska ta tura fukafukan, su juya wani ƙarfe a ciki, wani abu kamar giyar mota ya ƙara masa gudu, ya juya janareta. Daga nan taransifoma ta ɗaga ƙarfin wutar, manyan wayoyi su kai ta garuruwa. Kin gane?"

Muryarsa ta da ce sak. Na ce, "Na gane, Baba."

Ya yi murmushi. "Kina da kai, yarinya. Ki gaya wa babanki kada ya cire ki daga makaranta."

Na ce to, zan gaya masa. Na shiga kicin, na rufe ƙofa, na sha kukana.

Ku da kuke jinyar iyaye irin haka, don Allah yaya kuke yi da zuciyarku?