Ranar da Aka Kira Baba Ya Nuna Iyaka

Tun ina yaro, idan mutum biyu suka yi sa-in-sa a kan iyakar gona a ƙauyenmu, ƙofar gidanmu suke zuwa. Mahaifina ba shi da sarauta, bai kuma yi boko ba, amma babu wata gona tsakanin garinmu da hanyar Kafin Dafga da bai san tarihinta ba. Ya san wanda ya fara sare dajin, da wanda ya gada, da shekarar da aka dasa gambar da ta raba ta da ta maƙwabci. In ya tsaya ya nuna da sandarsa, magana ta ƙare.

Ni ne ɗansa na fari, don haka bai taɓa kiran sunana ba. "Kai" yake cewa. Da na zama malamin firamare a Karaye sai ya koma ce mini Malam, kamar kowa.

Inna, mahaifiyata, ita ta fara lura. Wata Juma'a na zo gida hutun ƙarshen mako, ta ja ni ɗakinta ta ce Baba ya sha koko da safe, ta ɗauke kwanon, ya tambaye ta me ya sa yau ba a dama ba. Ta ce ranar Laraba ya yi sallar azahar sau biyu. Na yi dariya na ce tsufa ne. Amma kafin la'asar ya tambaye ni ya hanya har sau huɗu, kowane karo da fara'a, kamar yanzu na sauka daga babur. A na huɗun ban iya haɗa ido da shi ba.

Muka ɓoye, ni da ita. Ba mu zauna mun shirya ba, kowa dai ya kama bakinsa. In baƙo ya daɗe a zaure, sai Inna ta aika a ce ana kiran Baba a cikin gida. Tsorona shi ne ranar da za a ce gigin tsufa ya kama shi, yara su fara yi masa tambaya don su ji abin dariya, kamar yadda na ga an yi wa wasu tsofaffi.

Kusan shekara muna haka, sai bazara ta zo, aka shiga sharar gona. Mai unguwa ya aiko cewa yana roƙon Baba ya fito ranar Asabar da hantsi. Wasu 'ya'yan wa da ƙani ne, iyayensu maza duk sun rasu, wuta ta cinye gambar da ke tsakanin gonakinsu. Babban ya ce iyakar tana kan wani kututturen ɗorawa, ƙaramin ya ce ta wuce nan da kunya biyar.

Inna ta ce in je in gaya wa mai unguwa Baba ba shi da lafiya. Na amsa. Amma ɗan aiken ya riga ya isar da saƙon a kunnen Baba, kuma wannan bai manta shi ba. Na tarar ya fito da farar rigarsa daga akwati yana kakkaɓewa, ya ce a wanke masa hula. Na daɗe ban ga fuskarsa ta yi haske haka ba. Na juya na fita, ban je wurin mai unguwa ba.

Ranar Juma'a ko abincin kirki ban ci ba. In ya nuna ba daidai ba, ya ɗauki haƙƙin wani ya ba wani, kuma ni da na sani na yi shiru, alhakin yana wuyana. In kuma na hana shi, me zan ce masa?

Ranar Asabar na goya shi a babur muka je. Mutum kamar goma muka tarar, har da mai unguwa. Baba ya gaisa da kowa yadda ya kamata, ya tambayi babban jikin mahaifiyarsa, ya yi wa iyayensu addu'a. Ya kama sanda ya nufi yamma kai tsaye, yana ba da labarin yadda tsawa ta faɗa wa ɗorawar, da yadda kakan yaran ya raba gonar da kansa.

Saura taku kaɗan ya isa kututturen sai ya tsaya. Ya dubi gabas, ya dubi kudu. Ya juyo ya kalle ni, ya kira ni da sunan ƙaninsa, wanda ya rasu tun ba a haife ni ba.

"Ina Baba ya ce mu ɗaure jakin?" ya tambaye ni.

Ya juya wajen babban, wanda yanzun nan suka gama gaisawa, ya tambaye shi shi ɗan gidan wa ne. Mutumin ya sunkuyar da kai ya faɗi sunan mahaifinsa a hankali.

Mai unguwa ne ya cece mu. Ya matso ya riƙe hannun Baba da hannu biyu, ya ce da ni, "Malam, rana ta yi zafi, ka mai da Baba gida ya huta. Mun ji abin da ya faɗa, Allah ya saka da alheri."

A hanya Baba ya damƙe rigata ta baya, da muka kusa gida ya ce:

"Malam, na yi wani abu ne?"

Na ce babu komai, Baba.

"Na ga yadda suke kallona," ya ce.

Daga baya na ji an raba kunyoyin, uku ga babban, biyu ga ƙaramin, aka dasa sabuwar gamba. Har yau ban san ko nan ce iyakar gaskiya ba, kuma babu sauran wanda zan tambaya.

Na kai shi asibiti. Likita ya faɗa masa abubuwa uku ya ce ya riƙe, suka yi 'yar hira, ya ce ya maimaita. Ɗaya ya tuna. Likitan ya gaya mini babu maganin da zai dawo da abin da ya tafi. Ya ce kada mu riƙa yi masa gardama, kada mu kulle shi, mu ba shi aikin da hannunsa ya saba.

Abin da na ji tsoro bai faru ba. Babu yaron da ya tsokane shi, mutane suna zuwa su durƙusa su gaishe shi kamar da. Sai dai ba a ƙara aikowa ba. Na kwaso iyalina muka dawo ƙauye, kullum ina zuwa Karaye in dawo. Baba yana wuni a zaure da kwaryar gyaɗa yana ɓara, yana ware ta iri, kuma ba ya kuskure a wannan. Wani lokaci ya ɗaga kai ya tambaya ko an zo nemansa.

Yanzu na haura hamsin. A zangon da ya wuce na nuna wata yarinya a aji zan yi mata tambaya, yarinyar da na koyar shekara biyu, sunanta ya ɓace mini ɗungurungum. Sai da na buɗe rajista. Da na dawo gida na gaya wa matata, ta ce gajiya ce da yawan hawan babur. Na ce mata ko ma mene ne, in ta ga na fara maimaita magana ta gaya mini tun da wuri.

Tana tankaɗe a tsakar gida. Ta ajiye rariyar ta dube ni, ta tambaye ni ko da gaske zan so in sani. Sai aka kira la'asar, na ɗauki buta na fita.